Tattakin safe bai goge mini zaman yini ba

Shekara biyu ke nan da aka tabbatar mini da ciwon suga nau'i na 2, ga hawan jini da ya riga shi zuwa. Aikina na zama ne. In na hau kujera da safe, sai yunwa ko fitsari ke tayar da ni. Ranar da likita ya rubuta mini magani ya ce, "Malam, ƙwaya kaɗai ba za ta yi maka aikin nan ba, sai ka motsa jiki." Na ji maganar, amma rabinta na kama.

Washegari na fita da zafina. Na sha glibenclamide, maganin sugan da aka rubuta mini, ban ci komai ba, na yi tafiyar awa guda da sauri. A hanyar dawowa gumi mai sanyi ya karyo mini, hannuna na karkarwa, gabana na faɗuwa. Da na gwada a gida, na'urar auna suga ta nuna ƙasa da 70, iyakar da ake cewa suga ya faɗi. Likita ya bayyana mini cewa wannan maganin da allurar insulin suna iya kayar da suga in an haɗa su da wahala da yunwa, metformin kuwa, wani maganin suga, ba kasafai yake yin haka shi kaɗai ba. Tun ranar ba na fita sai da abu mai zaƙi a aljihu.

Daga baya na san ma'aunin. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin motsa jiki da suka haɗa har da masu hawan jini, ciwon suga, HIV da waɗanda suka yi fama da ciwon daji: minti 150 zuwa 300 a mako na matsakaicin motsi. Na raba shi minti 30 sau biyar, da saurin da zan iya magana amma numfashi ba zai bar ni in rera waƙa ba.

Wata uku ina haka, sai gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda suga ya kasance a watanni biyu zuwa uku, ya dawo kusan inda yake. Raina ya ɓaci sosai. Likita bai tambaye ni tattaki ba, cewa ya yi, "Awa nawa kake yi a zaune?" Na lissafa a gabansa, da na wurin aiki da na gaban talabijin, na samu goma.

Nan na gane kuskurena. Tsoka in tana aiki, ita da kanta take jan suga daga jini, ko da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, ba ya aiki yadda ya kamata. In ka zauna, manyan tsokokin cinya da na sha-raɓa sun kwanta ke nan, abin da ka ci yana ta yawo a jini ba mai ɗauka. Ƙungiyar masu kula da ciwon suga ta Amurka tana ba da shawarar a katse zama duk bayan minti 30. Na sa ƙararrawa a waya. Ta buga, in miƙe, in zaga, in amsa kira a tsaye. Bayan kowane cin abinci kuma in taka minti goma zuwa sha biyar. Wannan ɗan takun shi na fi ganin tasirinsa a na'ura, ya kuma raba ni da nauyin idon da ke kama ni da rana. Ba na bari in yi kwana uku a jere ban fita ba, domin amfanin motsi a jiki ba ya daɗewa.

Ƙafa ce ta tsorata ni. Wani dare 'yata ta ce, "Baba, mene ne wannan a diddigenka?" Bororo ne ya fashe, safa ta manne masa, ni kuwa ban ji komai ba, domin suga ya fara taɓa jijiyoyin ƙafata. Na sauya takalmi, kuma yanzu kullum kafin in kwanta sai na duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu.

Ƙarfafa tsoka sau biyu a mako shi ne har yau nake fama da shi. Ina tashi daga kujera in koma sau goma ba tare da dafa hannu ba, in tura bango, ina kiyaye kada in riƙe numfashi saboda hawan jinin. Makon jiya sau ɗaya na yi.