Asusun da ake cire wa kuɗi duk wata

Da wani banki a Wuse ya mayar da ni kan asusun da ake biyan kuɗinsa duk wata, an lissafa mini inshorar tafiya, da ɗakin hutu a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, da jami'in da zai riƙa kula da lamurana. Tafiye-tafiyena kuwa daga tashar Jabi suke farawa, kuma da na karanta ƙananan rubutun da ke takardar, sai na tarar inshorar ta masu fita ƙasashen waje ce kawai.

Abin da ya amfane ni shi ne yafe kuɗin kula da asusu, wanda Babban Bankin Nijeriya ya yarda, a ƙa'idarsa ta 2020, a cire har naira 1 a kan kowace naira 1,000 da ta fita. Ɗan kasuwar da ke tura miliyoyi zai ci riba da wannan, amma ga mai albashi irina, abin da aka yafe bai kai kuɗin asusun da ake cira duk wata ba, kuma hakan yana damuna ƙwarai. Kariyar NDIC ma, hukumar da ke biyan masu ajiya idan banki ya durƙushe, wadda iyakar abin da take biya ta koma naira miliyan 5 a 2024, ɗaya ce ga asusun talaka da na manya.