Ashe ba kunun ba ne

Talata, dare. Yau ma ruwa bai zo ba, jarka huɗu na saya wajen ɗan garuwa. Ƙura kuwa ta rufe gari, ko duwatsun Birni ba a hangowa. Duk wannan mun saba, ba shi ya hana ni kwanciya ba.

Makin kompozisiyo, wato jarrabawar ɗalibaina, ya kamata in gama shigarwa, jibi za a karɓa, aji uku cur. Ina idar da sallar asuba na kunna kwamfutar falo, tsohuwar nan da Abban yara ya ɗauko daga Kano. Ta taso lafiya lau. Na danna linzami, ga sunana, ga ɗan akwatin kalmar sirri, ɗan sandan nan yana ƙifta ido yana jirana. Na buga. Ko ɗigo ɗaya bai fito ba. Na sake bugawa da ƙarfi, kamar ƙarfi ne matsalar. Shiru. Linzami na yawo abinsa, kilabiye kuwa, wato allon maɓallan rubutu, kamar an yi masa kurciya.

Sai idona ya faɗa kan wani ɗan zagayen fari a kan tebur, shatar gindin kofi.

Ummi na shara a tsakar gida da rigar sanyin Auta da ta yi mata kaɗan. Na ƙwala mata kira. Ta shigo da tsintsiyar a hannu.

"Wa ya sha kunu a teburin nan jiya?"

"Ni ce, Inna. Amma ban zubar ba."

"Ba ki zubar ba, aljanu ne suka kashe mini kilabiye?"

"Wallahi Inna can gefe na ajiye kofin, ko taɓa shi ban yi ba."

Da na tsaya nan da sauƙi. Ban tsaya ba. Na ce mata sau nawa zan faɗa kada a kawo abinci kusa da kayan aikina, na ce idan aka kore ni daga aiki ita za ta ci da mu? Sannan bakina ya fitar da abin da har yanzu nake jin ɗacinsa. Na ce, "Ko a gidanku kun taɓa ganin irinta, da za ki zo ki lalata mini?"

Gidanku. Yarinyar da na je har Matamaye na roƙa da bakina, na ce wa uwarta ta bar mini ita, nan ma gidanta ne. Shekara uku kenan. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta dai sunkuyar da kai, ta koma ta ƙarasa sharar, ta ɗauki jakarta ta tafi lakol. Dala ashirin ɗin da nake ajiye mata na fanke na nan kan taga, ba ta ɗauka ba.

Ni ma na tafi nawa ajin. Ban san me na koyar ba.

Da na dawo ƙarfe goma sha ɗaya na hau gyara irin namu na jahilai. Na kife kilabiyen na bubbuga bayansa, ƙasa ta zubo kamar daga takalmin mai zuwa gona, har da ɓawon gyaɗa da allurar da na yi wata ina nema. Kunu dai babu ko alamarsa, ba danƙo, ba wari. Na ga haka sarai, na yi kamar ban gani ba. Na zare wayar USB daga gaba na mayar baya, na canza rami uku. Na kashe, na zare kuran gaba ɗaya, na jira, na kunna. Jiya i yau.

Na aika Auta gidan Maman Biyu ya aro nasu. Wani tsoho ya kawo, mai bakin nan zagaye ruwan shunayya mai ƴan allurai a ciki. Irinsa ba a soka shi kwamfuta na kunne ya kama, sai an kashe an tayar, wannan kam na sani tun zamanin da muke zuwa sibar. Na yi yadda ake yi. Shi ma ko harafi ɗaya. Kilabiye biyu ba za su mutu rana ɗaya ba, kuma na Maman Biyu bai taɓa ganin kunun Ummi ba. Nan gabana ya fara faɗuwa.

Har na ɗauki mayafi zan hau kabu-kabu zuwa Kasuwar Dole in sayo sabo, don taurin kai kawai, sai na tuna da ɗan Kawu. Na kira shi ta WhatsApp, ya ce yanzu suka fito daga darasi a jami'ar André Salifou, in juya masa kyamara.

"Yaya, mayar da naki kilabiyen. Ki kashe, ki kunna, tana tasowa ki yi ta danna F2 ba ƙaƙƙautawa."

Wani shafi ya fito da ban taɓa gani ba, duk Turancin Ingilishi. Ya ce sunansa BIOS, nan Windows bai ma farka ba tukuna. Ya ce in danna kibiyoyin sama da ƙasa. Ga shi kuwa layi na hawa na sauka, tsaf.

"To kilabiyenki lafiyarsa ƙalau. Kada ki taɓa komai a nan, ki fita. Ciwon na cikin Windows."

Muka dawo shafin kalmar sirri. Ya ce in duba can ƙasa hannun dama, kusa da alamar kashewa, akwai wata ƴar alama ta sauƙaƙa wa masu lalura. Shekara nawa ina kallon shafin nan ban taɓa lura da ita ba. Na danna, jeri ya fito, ciki har da kilabiyen da ke fitowa kan gilashi, a riƙa danna haruffansa da linzami.

A nan na ba shi dariya. Kun san injin daga Najeriya ya zo, maɓallansa QWERTY ne, amma Windows ɗinmu na Faransanci ne, AZERTY yake ji. Inda aka rubuta Q, A ke fitowa, inda aka rubuta W, Z ke fitowa, M ya koma kusa da L, lambobi kuma sai an haɗa da Shift. Ni yatsuna ne suka haddace kalmar sirrin, kaina bai san ta ba. Da aka ce in nuna haruffan ɗaya bayan ɗaya sai na tsaya ina zare ido kamar ɗan aji ɗaya. Sai da na ɗora hannu kan kilabiyen na yi bugun ƙarya ina kallon inda yatsun ke sauka. Sau biyu ina kuskurewa.

Kafin na uku ya ce, "Dakata Yaya, koma jerin nan. Karanta mini na ƙarshe."

Touches filtres. A kunne.

Ya yi salati yana dariya. Ya ce an yi abin ne don masu karkarwar hannu, waɗanda yatsansu ke taɓa maɓalli ba da niyya ba. Idan yana kunne, kwamfuta ba ta kula taɓawar sauri, sai ka danne harafi ka riƙe kamar daƙiƙa ɗaya kafin ta yarda da gaske kake. Ya ce gwada ki gani. Na danne harafi guda na riƙe. Ɗigo ya fito. Wai har ƴar ƙara take yi duk dannawa, mu ne lasifikarmu ta daɗe da mutuwa. Na kashe abin, na buga kalmata da saurina na kullum, ta buɗe. Minti goma sha biyar duka-duka.

Ya ƙara da wa'azinsa na kullum, cewa tun 14 ga Oktoban 2025 aka daina tallafa wa Windows 10, injin nan kuma ya tsufa da ɗaukar 11, mu fara tara kuɗi. Na ce ya je ya faɗa wa Abban yara.

Na tambaye shi, to abin da kansa yake kunnuwa? Ya ce a'a. Sai an danne Shift na hannun dama daƙiƙa takwas, saƙo ya fito yana tambaya, mutum ya amsa. "Ko Auta ne ya kwanta a kai?"

Na ce wataƙila. Na yi masa godiya na kashe wayar da sauri.

Ba Auta ba ne. Jiya wajen sha ɗaya da rabi na dare, yara duk sun yi barci, na kunna injin da niyyar in rage aiki. Na sauke tarin kaye, littattafan rubutun ƴan aji, a gefen dama na tebur, rabinsu kan kilabiye, na je na rufe ƙofar zaure. Da na dawo na tarar da wani ɗan saƙo a tsakiyar gilashi. Ban karanta ba. Na ɗauka irin na sabuntawar nan ne da ba sa ƙarewa, na danna Oui, hamma ta ci ƙarfina, na kashe na kwanta. Ina tuna har nauyin kayen a hannuna.

Da la'asar na aika aka sayo alkaki. Da Ummi ta dawo na miƙa mata, na ce, "Ungo, kwamfutar ta tashi." Ta ce, "To Inna, Alhamdu lillahi." Ta karɓa da hannu biyu. Na buɗe baki in ce ba ke ba ce, ni ce, sai na ji kaina ina cewa ta ɗora ruwan tuwo. Mu ba a taɓa ba mu haƙuri muna yara ba, kuskuren babba sai dai ka ga an ƙara maka nama a miya, ka gane da kanka. Na sha yi wa Hajiya tsiya a kan wannan. Yau ga ni da alkaki.

Bayan isha'i na ga alkakin a hannun Auta, duka.

Abban yara ya ce in bar zancen, yaro mantuwa gare shi. Shi bai ji abin da na ce ba, kuma ban maimaita masa ba.

Aji biyu na shigar, saura ɗaya. Ɗazu da na zo zaunawa na tarar an goge shatar kofin nan tas, an kuma lulluɓe kilabiyen da tsohon ɗankwalina saboda ƙura. Ranar Juma'a uwarta ke kira, kuma kullum ni nake miƙa mata wayar.