Koya wa hannu haƙuri

Da na fara koyar da ma'aikatan jinya aikin ɗakin haihuwa, na ɗauka ɗinki da sauraron bugun zuciyar jariri ne za su ba ni wuya. Ashe ba nan gizo ke saƙar ba. Waɗannan cikin 'yan makonni hannu ke faɗawa. Abin da ya ƙi koyuwa shi ne a tsaya a bar mace ta yi naƙudarta.

Ni ma ba haka aka horar da ni ba. Mu a lokacinmu mace rigingine take kwanciya, ko ruwa ba a ba ta, in haihuwar fari ce kuma a yi mata ƙari, wato a ɗan yanka gabanta da almakashi don hanyar fitar jariri ta buɗe, tun ba a ga buƙatarsa ba. Tsawa kuwa na yi ta, ba zan ɓoye ba.

Shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018 su na ɗora karatun a kai. Mai naƙuda ta zaɓi wanda zai zauna da ita. In babu matsala ta ci, ta sha, ta zagaya. Ba a danna mata ciki, ba a yi wa kowa ƙari barkatai. Har tsohon lissafin nan na cewa dole bakin mahaifa ya buɗe santimita ɗaya kowace awa an ajiye shi. Ɗalibai suna haddace wannan tsaf, su ci jarrabawa.

Sai ranar da wata ɗalibata, mai ƙoƙari ce sosai, ta karɓi haihuwar fari. Matar ta zaɓi durƙuso. Kai ya fara leƙowa, na ga hannun yarinyar ya nufi almakashi. Na riƙe tsintsiyar hannunta.

"Sista, me kika gani?"

"Ba komai, Malama. Tsoro nake ji kar ta yage."

Muka sake sauraron zuciyar jaririn, lafiya lau. Na ce ta sa tsumma mai ɗumi ta tallafe wurin, ta riƙa yi wa uwar magana a hankali. Yaro ya fito, muka ɗora shi a ƙirjin uwarsa, muka jira minti ɗaya ya wuce kafin a yanke cibiya. 'Yar tsagewar da aka samu ko ɗinki ba ta buƙata ba.

Tun daga ranar, kafin ɗaliba ta ɗauki almakashi ko ta rataya ruwan naƙuda, sai ta faɗa mini da baki abin da ta gani, ta kuma nemi yardar mai haihuwar. In jini ya ɓalle ko bugun zuciya ya sauka, ba a jiran kowa, wannan ma muna gwada shi kowane mako da 'yar tsana har su gaji da ni.