Talata, hanyar Kware

Ana sallame Asuba Yaya ta bugo waya, muryarta a dishe. Ɗanta ya sake kwana a zaune, kuma ta tsinci wani kwalin tramol a ƙarƙashin katifarsa. Shekararsa 17. Na ce ta shirya shi, yau Kware za mu.

Har muka wuce tashar Illela bai ce uffan ba. Can sai ya ce, "Kawu, ni fa ba mahaukaci na ba." Ban ga laifinsa ba. A Sakkwato in aka ce an kai wane Kware, to an gama da shi, alhali asibitin tarayya ne na lafiyar ƙwaƙwalwa, ana zuwa a ga likita a koma gida.

Mun yi namu ƙoƙarin a baya. An yi masa ruƙiya, mun kulle shi a ɗaki mako biyu, ya bari, muka yi ta hamdala. Wata bai zagayo ba ya koma ruwa.

Muna jiran layi na ƙirga samari sa'o'insa har biyar, kowanne da mahaifiya ko wansa. Na tuna 2018, da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, muka ɗauka an kashe maciji. Ashe ba a sare kansa ba.

Likitar ba ta yi masa faɗa ba. Cewa ta yi, "Ɗan samari, wanne ya riga zuwa, rashin kwana ko ƙwaya?" Ya daɗe yana kallon takalminsa. Sannan ya ce tun rasuwar babansa bara barci ya ƙaurace masa, abinci ba ɗanɗano, makaranta ta fita ransa. Wani abokinsa ɗan kabu-kabu ya ba shi D5, wato ƙwayar sa barci ta diazepam, don ya samu runtsawa, tramol kuma don ya iya tashi da safe. Ni da nake kawunsa, shekara guda tambayata ɗaya ce: wa ke sayar maka?

Ta ce ciwon damuwa da shaye-shaye sun sarƙe a jikinsa, dole a yi maganinsu tare, domin in aka raba shi da ƙwaya aka bar shi da damuwar, ita za ta mayar da shi. Abin da ya tayar min da hankali shi ne kullewar nan. Ashe yanke D5 farat ɗaya kan jawo jijjiga kamar ta farfaɗiya, a hankali ake rage ta bisa umarnin likita. Allah ne kawai ya tsare mu.

Daga nan ta nemi in ba su wuri. Raina ya ɗan sosu, amma na fita. Sun kai minti ashirin, ban tambaye shi abin da suka tattauna ba.

A hanyar dawowa na saya masa fura da nono, ya sha rabi. Talata mai zuwa za mu koma, kuma likita ta ce Yaya ma ta zo.