Yadda na koyi warware sudoku mai wuya ba tare da canki-canka ba

Duk mai buga sudoku ya san wurin nan da ake cijewa, ka cika rabin takarda cikin sauƙi sai komi ya tsaya cik, ka duba sama ka duba ƙasa babu lamba guda da za ka iya sawa da tabbaci. A nan mutane da yawa ke fara canki-canka, in ta yi ruwa rijiya. Ni kam ban yarda da wannan ba ko kaɗan, don wasan na hankali ne, kuma sudoku da aka tsara da kyau amsa guda gare shi, akwai hanyar kai mata da hujja.

Ni a fadarmu nan Tahoua na koya, wajen wani mushe mai koyar da lissafi da ke kawo fotokopi bayan isha'i ana shayi. Shi ya fara ce min in aje bik in ɗauki kiriyon da gom. Mu ɗaki muke ce ma kowane gurbi, su 81 ne, gida kuma shi ne murabba'in nan mai ɗaki tara. Wasan dai shi ne ka cika ɗakunan da lambobi 1 zuwa 9, kowace lamba sau guda a kowane layi, kwance ko tsaye, da kowane gida. A kowane ɗakin da ba kowa sai ka rubuta ƙananan lambobin da za su iya zama ciki, ƴan takara kenan. Aikin akwai gajiya gaskiya, amma duk dabarun da ke gaba kansu suke tsaye, in ka manta ɗan takara guda a wuri guda to duk abin da ka gina sama zai karkace.

Na farko masu sauƙi ne, ba zan daɗe kansu ba. Tagwaye: ɗaki biyu a layi guda kowane 3 da 8 kawai gare shi, to 3 da 8 sun samu masauki, goge su daga sauran layin. Akwai ɓoyayyun tagwaye, lamba biyu da ba su da wurin zama a gidan sai ɗaki biyu, ko da wasu lambobi sun cakuɗu da su, sai ka share baƙin. Sai kuma in duk 4 ɗin da ke cikin gida guda sun jeru a layi ɗaya, 4 ba za ta fito a sauran wannan layin wajen gidan ba.

Inda idona ya buɗe shi ne ranar da mushe ya nuna min wadda ake kira Iks-Wing, mu kusurwa huɗu muke ce mata. Ya ɗora takardar bisa gwiwa, ya haska da fitilar waya, ya ce "ɗan'uwa, bar neman inda 7 za ta zauna, nemi inda ba ta iya zama." A layin kwance na 2, 7 wuri biyu gare ta, layin tsaye na 3 ko na 8. A layin kwance na 6 ma haka, na 3 ko na 8. Ya sa ɗigo huɗu da kiriyon. Ya ce in ta sama ta zauna hagu dole ta ƙasa ta koma dama, in ta sama ta zauna dama ta ƙasa hagu, ba mu san wace ce gaskiya ba kuma ba ma buƙatar sani, ko ta yaya layin tsaye na 3 da na 8 sun riga sun samu 7 ɗinsu. Ya goge 7 guda a can ƙasa, ɗakin ya rage da 1 kaɗai, daga nan takardar ta warware har ƙarshe. Wallahi na jima ina kallon ɗigon nan huɗu, shayina har ya huce.

Daga baya na gane kusan duk manyan dabarun daga tushe guda suka fito, wato abin da ke da zaɓi biyu tak, ko wannan ko wancan. In ka faɗaɗa kusurwa huɗu zuwa layi uku da uku ka samu babbar yayarta, hujjar ba ta canza ba, gano ta a takarda ne ke cin ido.

Wadda na fi so ita ce mai ɗaki uku, kamar duwatsun murhu, in ka cire guda tukunya ba ta zama. Ɗakin tsakiya yana da 2 da 5. Wani ɗaki a layinsa na kwance yana da 2 da 9, wani kuma a layinsa na tsaye 5 da 9. To lissafa da kanka: in na tsakiya ya zama 2, na farko dole 9, in ya zama 5, na biyu dole 9. Kenan cikin su biyun guda 9 ne ko ana so ko ba a so, don haka duk ɗakin da ke haɗa layi ko gida da su biyun gaba ɗaya ba zai ɗauki 9 ba. Yadda nake farautarta, ina zagaye duk ɗakunan da ke da ƴan takara biyu, sannan in bi su ɗaya bayan ɗaya in tambayi kowane ko shi ne na tsakiya.

In wannan ma ta ƙi sai fenti, a nan ne kawai bik ke dawowa, ja da shuɗi. Ka zaɓi lamba guda, duk inda take da wuri biyu kacal a layi ko gida ka sa ma guda ja guda shuɗi, ka yi ta bin sarƙar. Launi guda gaskiya ne gaba ɗayansa, ɗayan ƙarya. In ja biyu suka haɗu a layi guda to ja ya faɗi dukansa, in kuma wani ɗaki na waje yana haɗa layi ko gida da ja da kuma shuɗi, lambar ta fita daga cikinsa. Wani ƙanena a fada ya ce ai yaya wannan ma canka ce da sabon suna. A'a. Mai canka yana rubuta lamba ya yi fatan sa'a, mai sarƙa ba ya taɓa gom sai hanyoyin biyu sun kai shi wuri guda.

Akwai guda da nake taka-tsantsan da ita. Ɗaki huɗu a layi biyu kwance, biyu tsaye, cikin gida biyu, uku suna da 3 da 6, na huɗu 3, 6 da 8. Sai a ce na huɗun 8 ne, don in ba haka ba amsa za ta zama biyu. Hujjar daidai take amma ta dogara ne ga amanar wanda ya tsara wasan. Kamfanin Nikoli na Japan da ya fara buga wasan a can a 1984, da jaridar The Times ta Ingila da ta yaɗa shi daga 2004, irin waɗannan ka iya yarda da su. Fotokopin da ba ka san asalinta ba fa, ko wata manhajar kyauta a waya, ka yi hattara. Abu na farko da nake yi shi ne ƙirga lambobin da aka bayar, tunda a 2012 Gary McGuire da abokan aikinsa a Dublin sun tabbatar da kwamfuta cewa babu sudoku mai amsa guda da ke da ƙasa da 17. Amma yawan lambobi ba ya nuna sauƙi, na sha ganin mai 28 da ta fi mai 23 taurin kai nesa ba kusa ba.

Tsarina yanzu in na cije, ba na tsallakawa ga manya kai tsaye. Ina sake bin lambobi daga 1 zuwa 9, in duba tagwaye da jerin cikin gida tukuna, sannan kusurwa huɗu, sannan mai ɗaki uku, fenti a ƙarshe. Kuma duk lokacin da babbar dabara ta goge min ɗan takara ko guda ne, sai in koma ga ƙananan, don galibi sudoku mai wuya ƙulli ɗaya ko biyu gare shi, sauran aikin duk na tagwaye ne.