Takardar fili daban, izinin gini daban

Ƙaramin kamfanin gini nake da shi a Kano. Muna zana gida, mu fitar da lissafin kayan aiki, in an daidaita mu gina tun daga fandisho har rufi. Ma'aikatanmu na dindindin ba su da yawa: mai zane, injiniyan da ke duba mana rodi da kankare, sai wani yaro da ya san ƙofar kowane ofis da fayil ke bi. Birkiloli da kafintoci da leburori sai aiki ya samu ake kiransu. Rabin wahalar wannan sana'a a kan takarda take ƙarewa, tun ba a sauke tifar yashi ko ɗaya ba.

Yawancin masu zuwa wurinmu da takardar fili suke shigowa, a naɗe cikin leda. Alhaji zai ajiye ta a tebur ya ce, "Injiniya, ga satifiket, gobe a fara haƙa." Sai in ce, "Ranka ya daɗe, wannan ta nuna filin a hannunka yake. Saura wadda za ta faɗi abin da aka yarda ka ɗora a kai." A nan fuska ke canzawa, don mutum gani yake da kuɗinsa ya saya, wa zai gaya masa inda zai sa ƙofa?

Tushen maganar dokar amfani da ƙasa ce ta 1978. Ita ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Filayen birni shi ke ba da izinin zama a kansu, na karkara kuma ƙaramar hukuma. Satifiket ɗin gidan zama galibi na shekara 99 ne, kuma gwamna na iya soke shi in za a yi aikin al'umma, a biya diyyar gini ko shukar da ke kai. A Kano, rabon fili da takardunsa na wajen ma'aikatar ƙasa da tsare-tsare tare da KANGIS mai riƙe da bayanan filaye a kwamfuta. Izinin gini kuwa na KNUPDA ne, hukumar tsara birane, wadda dattawan magina har yau suke kira da tsohon sunanta KASEPPA. Kaduna ma haka tsarin yake, da KADGIS da KASUPDA.

In muka kai zane, jami'in tsarin gari bai damu da kyan falo ko tayil ɗin da za a sa ba. Zai duba ko unguwar ta zama ce ko ta kasuwanci ko ta masana'antu irin su Sharaɗa da Bompai da Challawa. Zai duba tazarar da aka bari tsakanin gini da titi, da tsakaninka da maƙwabci, da ina ruwan sama zai bi, ina aka sa sokawe, ko kowane ɗaki na da tagar shan iska. In bene ne sai an haɗa da lissafin injiniya. In babbar wayar wuta ta ratsa wurin, akwai tazarar da ba a shiga: layi mai ƙarfin kilobolt 132 ana barin mita 15 kowane gefe. Wanda ya tsallake duk wannan ya fara gini, wata safiya zai tarar da jan fenti a jikin katangarsa, daga nan kuma sai zarya.

Ni dai a ganina, babban aikin wannan hukuma ba a kan zanen gida ɗaya yake ba. Yana can baya, ranar da ake yanka gona a mayar da ita unguwa. Shiga unguwar awon gwamnati ka ga titi ya isa mota biyu su gifta, an ware filin makaranta da masallaci da maƙabarta, fuloti ƙafa 50 da 100. Sai ka shiga ta awon igiya, inda mai gona da dillali suka ja igiya suka yanka, mai unguwa ya sa hannu a takardar ciniki. Kowane taku da aka bari na hanya asara ce a wurin mai sayarwa, don haka ake matse ta.

Mun taɓa yin wani gini a irin wannan unguwa a gefen gari. Tifa ba ta iya shiga lungun, sai a bakin titi take juye yashi, yara su kwashe a baro, kowane sawu da kuɗinsa. Bulo ma haka. Fulotin ƙafa 25 da 50 ne, tsawonsa duka kusan mita 15, a ciki ake son ɗaki uku da tsakar gida da rijiya da sokawe. Muka kai rijiyar can ƙuryar da ta fi nisa da sokawenmu, ashe bayan wannan katangar shaddar maƙwabci ce. Hajiyar da ke da gidan ta tambaye ni, "To ɗana, ina kwatar za ta fita?" Na leƙa waje, babu lambatu ko ɗaya a layin, kowa ƙofar gidan na ƙasa da shi yake sakar wa ruwa. Abin da ta kashe a dakon kaya da cikon ƙasa don ɗaga gidan ya cinye rangwamen da ta samu a kuɗin filin.

Ba na ganin laifin masu sayen awon igiya. Malamin makaranta ko ɗan adaidaita da ya yi shekaru yana tari, ina zai samu fulotin gwamnati? Ba a yanka su da yawan da ake buƙata, waɗanda aka yanka kuma kafin su iso hannun mai son ya zauna sun bi ta hannu uku. Kano ta taɓa samun cikakken tsari, wanda wani masanin tsara birane mai suna Trevallion ya shirya na shekara 20 daga 1963 zuwa 1983. Garin ya daɗe da tsere wa wannan taswira, ya malala cikin Kumbotso da Ungogo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In mai tsari ya iso bayan an yi gida dubu, abin da ya rage masa rusau ne, kuma rusau gidan mutum yake ci.

Ruwa shi ne mai bincike da ba a roƙonsa. Kududdufan da suka riƙe wa tsohon birni ruwan damina an cike da yawansu an yi gini a kai. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata dukiya mai yawa, kuma gine-ginen da aka ɗora kan magudanan ruwa aka fi ɗora wa alhaki. A ƙarshen Agustan wannan shekarar wani bene da ake kan ginawa ya rufta a kasuwar wayar salula ta titin Beirut. Bayan irin haka masu gini kan yi laushi na ɗan lokaci, in ka ce a ƙara rodi ba a musu. Da rani ya shigo an manta.

Akwai kuma ɓangaren da ke ba mu wuya wajen shawo kan mutane. A Yunin 2023 sabuwar gwamnatin jiha ta rushe shagunan filin Idi da ginin da aka yi a tsohon otal ɗin Daula, bisa hujjar cewa filayen al'umma ne, masu shagunan kuma suka ce da takardunsu daga gwamnatin da ta gabata, har magana ta kai kotu. Ba ni da hurumin raba wannan gardama. Amma tun daga lokacin, in na ce wa mutum ya nemi izini, sai ya ce, "Waɗancan ba su da takarda ne?" Amsar da nake bayarwa ita ce ya tambayi abin da filin yake kafin a yanka shi. In filin makaranta ne, ko jikin badala, ko hanyar ruwa, ko maƙabarta, ya haƙura ko da takardar da hatimi goma.

Aikin da ya fi zuwar mana yanzu shi ne fasa katangar gida a fitar da shaguna, ko a mayar da gidan zama makaranta ko asibiti. Shi ma sai an nemi sauya manufar filin, don shago biyar na nufin motoci da babura a bakin titin da ba a yi shi don haka ba. Kafin mu karɓi kowane aiki, mukan tura safiyo ya tabbatar da iyakokin filin a ƙasa, mu kai lambar fayil a bincika ko sunan mai sayarwa ne a kai, sannan mu zagaya unguwar mu tambayi tsofaffin mazauna inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta. Kuɗin wannan binciken daban muke rubuta shi a takardar lissafi, kuma shi ake fara biya.