Masu ɗauko masu rauni

Jiya bayan isha'i a nan Jidda muka zauna shan shayi da wani dattijo tsohon soja, ya zo umra daga Kaduna. Ashe ya yi aiki a Darfur lokacin da aka kai wa sojojin Tarayyar Afirka hari a Haskanita a 2007. Na ce Baba ku kun ga yaƙi, sai ya ce shi dai masu helikwafta da nas-nas ɗin da ke kwaso masu rauni zuwa El Fasher yake jinjina wa, ana harbi suna sauka, ba ruwansu da sunanka ko garinku. Wallahi ko ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da sojojin Najeriya, ba kasafai ake ambatonsu ba. Allah Ya saka musu, Ya jiƙan waɗanda suka rasu.